Kulohezidin: Maganin Cibiya da Ba Ya Shiri da Ido

Cibiyar jariri sabon haihuwa ƙofa ce a buɗe. Kafin ta bushe ta faɗi, ƙwayoyin bakteriya na iya bi ta nan su shiga jini, kuma jaririn kwana uku ba shi da ƙarfin yaƙarsu. Tokar da wasu iyaye ke barbaɗawa, da tsumman da ake gasa cibiya da shi, sau da yawa su ne ke kai cutar.

Saboda haka ne a shekarar 2013 Jihar Sakkwato ta riga sauran jihohin Nijeriya fara raba maganin kulohezidin gida-gida, don a riƙa shafa wa cibiya tun ranar haihuwa. Ba sabon sinadari ba ne. Kamfanin ICI na Ingila ne ya fito da shi a shekarun 1950. Yadda yake aiki ya cancanci ɗalibi ya lura: yana manne wa bangon ƙwayar bakteriya, ya huda fatarta, abin da ke cikinta ya tsiyaye, ta mutu. Yana kuma liƙe wa fatar mutum sa'o'i da dama, shi ya sa likitocin tiyata ke wanke hannu da shi. Akwai shi a cikin Savlon da wasu magungunan kurkure baki, ana kuma sa ɗan mitsitsi a wasu magunguna don kada su lalace.

To amma yana da illoli. Yawan kurkure baki da shi na rina haƙora, idan ya shiga kunnen da dodonsa ya fashe yana iya kurmantarwa, wasu ƙalilan kuma jikinsu na ƙinsa har numfashi ya sarƙe.

Mafi muni shi ne ido. Na cibiya ƙarfinsa kashi 4 cikin 100 ne, wanda ya isa ya ƙone baƙin ido. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa tun daga 2015 an sami rahoto fiye da 40 a ƙasashen Afirka 9 na ɗiga shi a ido bisa kuskure, har wasu jarirai suka makance. A ganina ba laifin uwar ba ne: an miƙa mata kwalba mai kama da ta maganin ido, ba a yi mata bayani ba, ita kuma ba ta karanta Turanci.

Idan tsautsayi ya sa ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta nan take, sannan a garzaya asibiti.