Koya ma yaro magana gaban jama'a

Kunya ado ce. Amma yaron da kullum ake ce ma "yi shiru", bakinshi mutuwa yake. Ran da aka aike shi likita da ƙanenshi, sai ya kasa hwaɗin abin da ke damun yaron. Ran awon gujiya, ko an zambace shi ba ya tankawa.

Magana, koyon ta ake. In uwa za ta aiki ɗiyarta, ɗiyar ta maimaita saƙon sau 2 kahin ta tahi. Da dare, bayan tuwo, kowane yaro shi kawo tashi tatsuniya. In ya yi tuntuɓen harshe, kar a yi mishi dariya, kar babba shi ƙarasa mishi.

Wanda ya iya karatu shi karanta ma tsohhi wasiƙa a zaure. Shi gaishe su tukuna, shi ɗaga murya, shi tsaya wurin aya.