Yadda jiki ke kama ƙwayar sankara tun ba ta zama ƙari ba

Kamfanonin fata na Bompai, a ƙaramar hukumar Nassarawa, da na Sharaɗa da Challawa, da gishirin kuromiyam suke jima. Akwai nau'insa da ke jawo sankarar huhu in an daɗe ana shaƙa. Amma kafin ƙari ya fito, sai ƙwayar da ta lalace ta tsallake shinge uku.

Da farko guba kan shiga ƙwayar halitta ta ɓata rubutun gadon da ke cikinta. Nan take wani furotin mai suna p53 ke tsayar da ita: ko a gyara ɓarnar, ko ta kashe kanta. Mutum kwafi ɗaya yake da shi na ƙwayar gadon wannan furotin, giwa kuwa kusan 20, abin da masana ke ganin yana cikin dalilan da sankara ba ta cika kama ta ba duk da girmanta.

In ta kuɓuce, sai garkuwar jiki ta karɓi aiki. Kusan kowace ƙwaya tana baje ɓarɓashin furotin da take ƙerawa a kan wani abu da ake kira MHC, kamar ma'aikaci yana nuna wa mai gadi katin shaida. Ƙwayoyin T, waɗanda aka horar a taimus, bayan ƙashin ƙirji, su ke dubawa. Da sun ga baƙon ɓarɓashi sai su manne wa ƙwayar, su huda ta, su zuba mata abin da zai hallaka ta. Wannan tsari daɗaɗɗe ne ƙwarai: masana ilimin halittu sun ce ya bayyana wajen shekara miliyan 500 da suka wuce, kuma duk mai ƙashin baya da muƙamuƙi yana da shi, tun daga kifin shak har ɗan Adam.

Wata ƙwayar kan yi dabara ta ɓoye katin ɗungurungum. Ita ce rabon ƙwayoyin NK, masu kashe wadda ta daina nuna katin.

Wadda ta fi wayo kuwa, taɓa wani birki take yi a jikin ƙwayar T, mai suna PD-1, sai mai gadin ya yi lakwas. Tasuku Honjo na Japan ne ya gano wannan birki, James Allison na Amurka ya yi aiki kan wani, CTLA-4. A 2018 suka raba kyautar Nobel, kuma yanzu akwai alluran da ke sakin birkin, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka.