NOMAN KAYAN LAMBU NA TURAI A LOKACIN HUNTURU

Zuwa ga dagatai da masu unguwanni da manoman da ke kudancin Kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da kewayensu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. Dari ba abokin gaba ba ne

Kabeji da karas da latas baƙi ne a ƙasarmu, asalinsu daga ƙasashen sanyi su ke. A Ingila hunturu kan zo da ƙanƙara har ƙasa ta daskare, sai mai lambu ya rufe tsirrai masu rauni da ciyawa, ko ya sa su a ɗakin gilashi don kada su mutu. Mu nan ba haka ba ne. Kabeji ya fi jin daɗin sanyi na digiri 15 zuwa 20, daren Disamba da Janairu kuwa a Kaduna kusan haka ya ke. Darin da ke sa mu jin wuta da asuba shi ne ke ɗaure kan kabeji, ya sa wa karas zaƙi. Abin tsoro shi ne zafin Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 35 har ya wuce. Saboda haka dabarar duka ita ce kayanka su ƙosa kafin bazara ta iske su.

2. Lissafin kwanaki

Kabeji irin Copenhagen Market kan yi mako 4 ko 5 a wurin reno, sa'an nan ya yi wata 2 da rabi zuwa 3 bayan dashe. Wanda ya zuba iri a farkon Oktoba zai dasa a farkon Nuwamba, ya yanka a ƙarshen Janairu. Amma wanda ya jira sai ya gama girbin dawa a Disamba, zafi zai tarar da kabejinsa, ganye ya baje, kai ya ƙi ɗauruwa. Ya yi hasarar iri da taki da ban ruwan wata 4. Da safe a ke kama fara.

Ku yi wurin reno a kan tudu, gama a farkon Oktoba fadama ba ta tsane ba tukuna, kogi kuma ba shi da amana a ƙarshen damina. Dattawanku sun tuna yadda ya cika a Satumbar 2003, ya ci gidaje da gonakin da ke bakinsa. A kafa wa renon 'yar rumfar ciyawa, a riƙa rage ta kaɗan kaɗan, a cire ta sarai mako 1 kafin dashe, don tsirran su saba da rana.

3. Dashe da shuka

Kabeji: a dasa shi da maraice, sa'an da ya yi ganye 4 ko 5, a bar ƙafa 1 da rabi zuwa 2 tsakanin gindi da gindi. Yana da cin taki ƙwarai. A zuba ruɓaɓɓen takin shanu a komi, a gauraya da ƙasa tun kafin dashe.

Karas: ba a dasa shi. A shuka shi inda zai zauna, a ƙasa mai taushi wadda ba tsakuwa. Ɗanyen taki kan sa saiwarsa ta rabu biyu ko uku, masu saye kuwa ba su son irin wannan. In ya tsiro a rage shi, a bar inci 2 tsakani. Irin Nantes kan isa haƙa cikin wata 3.

Latas: shi ne ya fi su duka sauri, shi ne kuma ya fi su ƙin zafi. Da ya ji zafi sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Kada ku zuba irin duka rana ɗaya. Ku zuba kaɗan ko wane mako 2 daga Oktoba zuwa Disamba, ku sami na kai wa kasuwa a kai a kai, balle lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara.

4. Iskar hunturu

Ba darin ke yi wa lambu ɓarna ba, busasshiyar iskar da ke zuwa tare da shi ce. Daga arewa maso gabas ta ke busowa, ta shanye raɓar ƙasa, ta ƙone bakin ganye. A kafa darnin kara ko zana a wannan gefe. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin tsirrai, ƙasa za ta daɗe da laima. A ba da ruwa da safe ko da maraice, ko da jigo ko da inji, kada kuma a bar komi ya bushe ƙayau sa'an nan a cika shi. Kabejin da ya sha ƙishirwa ya zo ya sha ruwa da yawa, kansa kan tsage.

5. Ruwa mai tsabta da maganin tsutsa

Latas ɗanye a ke cinsa, kabeji da karas ma sau da yawa haka. Ruwan kwata da na magudanun da ke fitowa daga masana'antu bai kamata ya taɓa su ba, gama yana ɗauke da ƙwayoyin ciwon ciki da guba. A ɗebi ruwa daga sama da inda magudana ta shiga kogi, ko a haƙa rijiya a fadama.

Akwai wata 'yar koriyar tsutsa da ke huda ganyen kabeji. A duba ƙarƙashin ganye sau 2 a mako. A daka 'ya'yan dogonyaro, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da maraice. Kada a maimaita kabeji a komi ɗaya shekara biyu a jere, a sa albasa ko karas a madadinsa.

6. Aikin dagatai da masu unguwanni

Ku tara mutanenku tun cikin Satumba, ku raba wuraren fadama kafin ruwa ya janye, don kada rigimar iyaka ta cinye kwanakin shuka. Ku shirya da masu shanu a kan hanyar mashaya. Wanda ya ga wata cuta da bai gane ba ya kai ganyen wurin malamin gona. Shi kuwa yana iya neman shawara a Samaru ta Zariya, inda a ke binciken aikin gona tun 1922.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka.