Kafin Hannun Tsoho Ya Fara Rawa

'Ya'yana samari, ku ba ni aron kunnuwanku, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kuna jin labarin Japan a rediyo. Kusan mutum 3 cikin kowane 10 a can sun kai shekara 65, haihuwa ta ja baya, yawan jama'arsu yana raguwa tun bayan 2008. Ƙidayar 2023 ta samu gidaje kimanin miliyan 9 babu kowa a ciki, manomansu kuma a matsakaici sun doshi shekara 70. Har doka suka yi, wadda ta fara aiki a 2021, tana neman kamfanoni su yi ƙoƙarin riƙe ma'aikaci ya kai 70. Aiki ya yi musu yawa, masu jini a jika sun yi kaɗan.

Mu kuwa Allah Ya hore mana abin da suka rasa. Fiye da rabin mutanen Najeriya ba su kai shekara 20 ba, Nijar ma ta fi mu yarinta. Amma ku leƙa maƙera, ku leƙa masaƙa da majema, ku duba masu riƙe da fartanya a ƙauye. Furfura za ku gani. Ƙasa ta yara ce, sana'o'inta na hannun tsofaffi.

Ku je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Ramuka da yawa sun bushe, kaɗan ne ke da ruwa. Ku tsaya kusa da dattijon da ke bakin rami. Ya haɗa baba da toka, ya bar su kwana da kwanaki suna ruɓa, kuma da kumfar da ta taso da warin da ya bugi hancinsa yake gane ruwan ya nuna. Yana tsamo zane za ku gan shi kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi, ya sake tsomawa har launin ya kama. Wannan sani ba ya cikin littafi. A ido da hannu yake zaune, ranar da hannun ya fara rawa ba a karɓa ba, ya tafi ke nan.

Na san hujjarku, kuma ba ƙarya kuke yi ba. Atamfar China ta cika Kantin Kwari, masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, rini ba ya kawo abin da yake kawowa a da. To amma ku bambance mutum biyu. Akwai wanda ke fita neman aiki bai dace ba, wannan addu'a da taimako yake buƙata. Akwai kuma wanda ya daina nema, ya tare a majalisa daga hantsi zuwa magariba, waya a hannu, yana jiran aikin ofis. Wannan zaman kashe wando shi ne ke karya gari. Uba mai shekara 65, wanda da ma'aikacin gwamnati ne da tuni ya yi ritaya, shi ke ciyar da ƙarti huɗu. Damina ta zo a rasa 'yan ƙwadago, a rage gona. Mai gini ya nemi gwanin tayil, sai an ɗauko daga Togo ko Kwatano, kuɗin ya bi su gida. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Shawarata, kowa ya zaɓi dattijo guda mai sana'a, ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo koyo." Ku jure aike da faɗa. Bokonku ma ba asara ba ne: tsoho ya iya rini, ku kun iya ɗaukar hoto ku tallata a WhatsApp da Facebook, kun iya lissafi, kun san ɗinkin da zamani ke so. Wanda gadon gidansu bai kwanta masa ba ya kama walda, gyaran sola ko noman rani.

Ku kuma 'yan'uwana dattawa, mu daina ɓoye sirrin sana'a sai ɗan cikinmu. Yaron da ya yini a wurinka, ka sallame shi da abin sabulu, kada yunwa ta mayar da shi kan babur. In ya zo da sabuwar dabara, ka saurara kafin ka ce ba haka muka gada ba. Ka sa masa lokacin yaye, in ya iya ka yaye shi da kayan aiki da albarka.

Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.