Ƙurajen Fuska da Magani Mai Ƙarfi: Karanta Kafin Ka Tafi Sharaɗa

'Yan uwana ɗalibai, duk shekara idan takardun SIWES suka fito, da yawanmu Sharaɗa ake tura mu, ko Challawa, ko Bompai. Wata huɗu ne bayan shekarar farko ta difloma, ga kuma shekara guda ta sanin makamar aiki kafin a dawo babbar difloma. Tun 1973 hukumar ITF ta kawo wannan tsari, kuma kafin a tafi ana yi mana bitar komai, daga cike littafin rahoto har zuwa gaida shugaban sashe. Abin da ba a taɓa maganarsa shi ne fata. Alhali shekarunmu su ne shekarun ƙurajen balaga, kuma zafi da gumi da baƙin mai na masana'anta ba sa raga wa fuska.

A irin wannan lokaci ne ake fara jin shawarar abokai: "Kai, akwai wani kafso, Roaccutane, wata biyu ka zama kamar jariri." Ni ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ne, ba likita ba, kuma na yi nawa wata huɗun a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Abin da nake so in bayyana shi ne wannan: maganin yana aiki da gaske, amma na likita ne, kuma wanda zai shiga masana'anta sai ya tsara shansa tun kafin ya haɗiyi ƙwaya ta farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko, wane irin ƙurji ne?

Ƙurajen balaga abu huɗu ke haɗuwa su kawo su. Sinadaran balaga suna sa 'yan jakunkunan maiƙo da ke ƙarƙashin fata su ƙara zubar da maiƙo. Matacciyar fata ta haɗu da maiƙon ta toshe ƙofar gashi. Wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu abinci ta hayayyafa. Daga nan sai kumburi. Ba ƙazanta ba ce, shi ya sa wanke fuska sau goma da sabulun wanki ba ya komai sai ƙara ɓata ta.

Amma ba duk abin da ya feso maka a wurin aiki ne ƙurajen balaga ba. Wanda ke aiki da inji, giris da baƙin mai suna jiƙa rigar aikinsa, zai ga ƙuraje masu baƙin kai a damtse da cinya, daidai inda jiƙaƙƙen yadin ke taɓawa. Maganin wannan shi ne wanke rigar da sauya ta da yin wanka bayan an tashi. Igiyar hular kwano da takunkumi su ma suna tayar da ƙuraje a haɓa da goshi saboda guga da gumi. Waɗanda aka tura kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa kuwa, gishirin kuromiyam da ake jeme fata da shi yana iya sa hannu ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya tsattsage. Wannan ciwon fata ne daban, kuma kafson ƙuraje zai ƙara masa muni ne kawai.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi yawa a tsakaninmu: ƙurajen man shafawa. Mayuka irin su Funbact-A da Skineal suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, an yi su ne don wasu cututtukan fata na ɗan gajeren lokaci. Haka ma yawancin "haɗin" bilicin. Kwanakin farko fuska ta yi luf, sai mutum ya ce ya dace. Bayan 'yan makonni ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya su feso, fata ta yi siriri, da an daina shafawa kuma fuskar ta yi bore. Idan kina shafa irin wannan, 'yar uwa, ki tafi da kwalinsa wurin likita. Ɓoye masa ɓata wa kai lokaci ne.

Magani hawa-hawa ne

Likitan fata ba ya farawa da babbar bindiga. Ƙananan ƙuraje ana fara musu da na shafawa, kamar benzoyil feroksaid da adafalin, kuma sai an ba su mako 8 zuwa 12 kafin a ce sun yi ko ba su yi ba. A lura, benzoyil yana koɗar da launin yadi, kar a ɗora fuska a kan sabon mayafi. Idan ƙurajen sun fi haka, sai a ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar doksisaikilin na kimanin wata uku. Shi kuma ana shan sa da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya nan take don kada ya ƙona maƙogwaro, yana sa fata saurin ƙonewa a rana, kuma ba a ba mai juna biyu.

Hawa na ƙarshe shi ne isotiretinoyin, wanda aka fi sani da sunan Roaccutane. Kamfanin Roche ne ya fito da shi, aka amince da shi a Amurka a 1982. Ɗan uwan bitamin A ne. Aikinsa shi ne ya tsuke jakunkunan maiƙon nan, har maiƙon ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. An tanade shi ne don manyan ƙuraje masu zurfi da zafi, masu barin rami ko tabo mai kumbura, ko waɗanda suka ƙi jin sauran magunguna. Mafi yawan waɗanda suka kammala shi fuskarsu tana washewa na dogon lokaci, wasu kuma ƙurajen kan dawo sai an sake zagaye.

Da nauyin jiki ake auna shi. Yawanci ana farawa da rabin miligiram a kan kowane kilo a rana, a iya kaiwa miligiram 1, kuma likitoci da dama suna nufin jimillar miligiram 120 zuwa 150 a kan kowane kilo. Mu yi lissafi irin na aji. Mai kilo 60 yana buƙatar miligiram 7,200 a ƙalla. Idan yana shan 40 a rana, kwana 180 ke nan, wata shida. Idan kafson mai miligiram 20 ne, guda 360 zai saya. To ka je ka tambayi kuɗinsu, ka haɗa da na gwajin jini da na ganin likita, tun kafin ka fara. Wanda ya sha kati biyu kuɗi ya ƙare ya kwashi wahalar ne bai samu ribar ba.

Maganar da ta fi kowace nauyi

Wannan magani yana nakasa ɗan tayi. Yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa da kunne da fuskar jariri, yana kuma jawo ɓari, ko da na 'yan kwanaki aka sha. A Amurka tun 2006 akwai tsarin iPLEDGE, wanda ba a ba mace maganin sai ta yi rajista ana mata gwajin ciki duk wata. A nan ba wanda zai tsare ki haka a kemis, saboda haka tsaron ya dawo kanki.

A ajinmu akwai matan aure, akwai waɗanda aka sa wa rana. Ƙa'idar ita ce babu ɗaukar ciki tun wata guda kafin a fara, da duk tsawon shan, da wata guda bayan an gama, tare da hanyar tazarar haihuwa tabbatacciya da likita zai tsara. Matar aure ta zauna da maigidanta su yi maganar a fili. Mai shayarwa ba ta sha. Amarya mai son fuska ta yi kyau kafin biki ta ƙirga watanninta sosai, kada garin neman gira a rasa ido. Sannan halawar cire gashi haramun ce ga fatar mai shan wannan magani har wata shida bayan gamawa, domin tana iya ɗaye fatar. Dilka da duk wani gurza jiki ma a dakata.

Maza, ku ma da naku. Kada ka ba ƙanwarka ko budurwarka ko da ƙwaya ɗaya don ka ga ya yi maka aiki. Kuma idan ana neman gudummawar jini a makaranta ko asibiti, ba ka bayarwa har sai wata guda a ƙalla bayan ka gama, saboda jinin zai iya zuwa jikin mai ciki.

Bushewa, da yadda za a zauna da ita a wurin aiki

Kusan duk mai shan sa leɓensa zai bushe ya tsage. Fata za ta yi kaushi, ido ya yi kamar an zuba yashi, wasu su yi ta haɓo. Yanzu ka ɗora hunturun Kano a kan wannan, ka ƙara da ƙurar hanyar Challawa da hucin inji. Lokacin da nake Sharaɗa, kusa da injin narkar da roba, ko lafiyayyen mutum leɓensa bushewa yake kafin azahar. Shi ya sa nake cewa idan aikinka zai faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, ko kuma ka san sashen sinadarai za a kai ka, ka gaya wa likita. Yana iya rage yawan maganin ya tsawaita kwanakin, ko ya ce a jira ka dawo makaranta.

Idan an riga an fara, ga abin da ke taimakawa:

Basilin ko man kaɗe ya zauna a aljihunka, a shafa a leɓe duk bayan awa ɗaya ko biyu da bayan kowace alwala. Lasar leɓe ƙara tsaga shi take.

A ɗan shafa basilin a bakin hanci da safe da dare saboda haɓo. Idan ya ɓalle, ka sunkuyar da kai gaba ka matse hancin minti 10.

A ajiye sabulu mai kaifi da soso mai kaushi. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa mai tun jiki bai gama bushewa ba.

Safar hannu ba ado ba ce. Fatar da ta tsage ƙofa ce a buɗe ga sinadari. Kada a wanke giris da fetur ko kananzir kamar yadda ake gani a gareji.

Rana za ta fi cin ka. Hula mai baki, riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana idan da hali.

Ga ido, akwai ɗigon hawayen roba a kantin magani. Ka saka gilashin kariya a wurin ƙura.

Maganin yana iya rage gani da dare, wani lokaci farat ɗaya. Mai aikin dare a kan inji, ko mai dawowa daga Challawa a babur bayan isha'i, da ka ga canji ka tsaya ka sanar da likita. Yana kuma sa ciwon baya da gaɓoɓi, don haka ba lokacin nuna ƙarfi da ɗaukar buhu ba ne.

Wani abin da ke karya gwiwa shi ne a makonnin farko ƙurajen kan ƙaru kafin su lafa. Ba alamar gazawa ba ce, kuma ba dalilin ninka ƙwaya ba ne. A bar matsa su, domin fatarmu baƙa saurin barin baƙin tabo gare ta.

Yadda ake sha da abin da ba a haɗawa

Jiki ya fi ɗaukar maganin idan an sha shi da abinci mai maiƙo: shinkafa da wake da mai, ƙosai, ƙwai, gyaɗa. Idan azumi ya riske ka a tsakiya, ka tambayi likita a mayar da shi bayan buɗe baki da abinci sosai, kuma ka sha ruwa da yawa kafin sahur.

Ba a haɗa shi da doksisaikilin ko tetirasaikilin, wato ja da yalon nan da ake sayarwa har a tebur, domin haɗin yana iya ƙara matsin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Ba a ƙara masa ƙwayoyin bitamin A. Duk wani jiƙo ko maganin ƙarin ƙiba da kake sha, ka faɗa. Kafin a fara za a auna lafiyar hanta da yawan kitse a jini, a sake aunawa bayan an ɗan jima ana sha. Mu da muke koyon wannan aiki mun san gwajin kitse akan nemi a zo ba a karya ba, saboda haka ka nemi izinin safiyar a wurin aiki tun da wuri.

A daina sha a tafi asibiti ranar, ba gobe ba, idan aka ga ciwon kai mai tsanani da amai ko gani dishi-dishi, ciwon ciki mai tsanani, ido ya yi rawaya, gudawa da jini, fata tana saɓulewa, ko kuma mace ta ga batan wata.

Akwai kuma maganar zuciya. An samu rahotannin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai a tsakanin wasu masu shan maganin, shi ya sa a 2023 Birtaniya ta ƙara tsaurara ƙa'idar ba 'yan ƙasa da shekara 18. Su kansu ƙurajen suna jefa mutum cikin damuwa, mun san masu ƙin shiga hoto da masu zama a bayan aji saboda fuska. Ka zaɓi mutum ɗaya, abokin ɗaki ko yaya ko mahaifiya, ka gaya masa kana shan wannan magani, ka ce idan ya ga ka canja, ka daina magana, ka daina cin abinci, ya faɗa maka kuma ya raka ka wurin likita.

Ina za a je?

Fara da asibitin makaranta ko na kusa da kai, ka nemi a tura ka wurin likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala. E, akwai layi, kuma za ka iya rasa yini guda. Ka tafi da duk mayukan da ka taɓa shafawa, da takardar da ke nuna inda aka tura ka aiki da watannin da za ka yi. Idan an rubuta maka maganin, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka bar na masu talla a WhatsApp da TikTok.

Waɗanda sunansu zai fito a zagaye mai zuwa, yanzu ne lokacin ganin likitan, tun ana makaranta. Allah ya ba mu lafiya, ya sa a gama aiki a dawo aji lami lafiya.