Kafin ka sayi faifan birki

Ɗana, na ga Marsandin da ka shigo da ita ranar Juma'a. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Mahaifiyarka ce ta tsegunta mini cewa sitiyari na karkarwa a hannunka in ka taka birki a hanyar Numan, har ka fara ciniki da wani a Jimeta kan faifan nan mai huda-huda da samari ke so saboda ana hango shi ta cikin taya. Dakata tukuna, ka ji ta bakin kawunka.

Aikin faifan birki shan zafi ne. Duk gudun da ka tara, a jikinsa yake zama wuta, kuma in gudu ya ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Ka haɗa wannan da ranar Afrilu a Yola, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga shanu na tsallaka titi bayan Girei ba sallama. Sai ƙarfe mai kauri ne ke jure wannan.

Saboda haka kafin ka fitar da ko sisi, a cire taya a goge gefen faifan. Kamfani yakan buga lamba a jikinsa, wato iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba, da milimita. A auna a gabanka. In ya kai iyakar, ko mai injin sassaƙar ƙarfe ya rantse zai mayar da shi sumul, kada ka yarda, siranta shi kawai zai ƙara yi. Na Beljiyam ma ban hana ka ba, amma shi ma ma'auni ne alƙalinsa.

Mai hudar nan kuwa ni ya taɓa ci. Na saya a wani shago, kwalinsa ɗauke da sunan Brembo, kuɗinsa kuwa bai kai rabin na gaske ba. Da na ɗaga na ji shi shafal, amma kwaɗayin araha ya rufe mini ido. Wata uku ba su cika ba, sai ga tsaga ta fito a bakin kowace huda, kamar faso a dunduniya lokacin hunturu. Ko na asalin ma, a bakin hudar tsaga ke farawa in ya sha wuta. Ga mai zirga-zirga tsakanin Yola, Mubi da Gombe, faifai marar ado mai ƙofofin iska a tsakiya, daidai da lambar motarka, ya wadatar.

Wurin ɗaurawa ne aka fi yin ɓarna. A canza hagu da dama tare, da sabon fad, domin tsohon ya riga ya ɗauki zanen tsohon faifai. A kankare tsatsar mazaunin faifan tas. Ɗan ɓurɓushi ya isa ya sa shi zama a karkace, karkarwar ta dawo. A wanke man da aka shafa masa daga kamfani. Notin taya kuma a ɗaure su ana tsallakawa, wannan sai na gabansa, kuma kada ka bar yaron gareji ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. Man birki in ya shekara biyu, a zubar a sa sabo, yana shan danshi.

Bayan an gama, ka samu fili inda ba Keke Napep, ka kai gudun 60 ka taka birki ka rage zuwa 10, kamar sau takwas, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi ta tafiya a hankali har faifan ya huce. Kuma in ka dawo daga doguwar tafiya, kada ka miƙa wa masu wankin mota su watsa masa ruwa yana zafi.

Ka zo da ita ranar Asabar da hantsi mu duba tare. Ma'aunina yana nan a tsohon akwatin ƙarfena.