Yadda Ake Tsara Kicin na Zamani a Maiduguri

Kafin a kira birkila ko kafinta, uwargida da maigida su zauna su lissafa abin da ake ci a gidan daga Asabar zuwa Juma'a. Gidan da ake tuƙa tuwo na mutum goma sha biyar, ana turara burabisko, ana miyar kuka da bandar kifi ta Tashar Baga, kicin ɗin da aka gani a Instagram ba zai ɗauke shi ba. An tsara irinsa ne don masu dafa taliya cikin minti goma.

Daga nan sai zaɓen wuri. A watan Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma bangon yamma shi ne ke shan ranar la'asar, daidai lokacin da ake ɗora abincin dare. A guje shi. Idan fili ya tilasta, a yi rumfa ko a dasa dogon yaro a wannan gefen. Tagogi su zama biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, kowace da raga da gilashi mai rufuwa ruf, saboda ƙurar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas.

A ganina, babbar shawarar ita ce a raba kicin biyu. Na ciki shi ne na gas, firji da girkin yau da kullum. Na waje kuma rumfa ce a bakin ƙofar baya, da daɓen siminti, inda murhun gawayi, turmi da manyan tukwanen suna da biki za su zauna. Taɓarya na fasa tayil, hayaƙin gawayi na baƙanta silin, ƙamshin banda kuwa idan ya kama labule, ko turaren wutar da matan Barno suka shahara da shi sai ya yi da gaske kafin ya kore shi.

Tsayin kanta galibi santimita 90 ne, amma a gwada da tsayin mai girkin kafin a zuba kankare. Sannan ga abin da kafintoci ba su cika tunawa ba: ba a tuƙa tuwon gida guda a tsaye. Mace kan zauna a kujera 'yar tsugunno, ta danne tukunya, ta ja muciya da ƙarfin kafaɗa. Don haka a bar kusurwa ɗaya babu kabet, a ajiye ƙaramin murhun gas mai kai ɗaya a ƙasa. Wurin wanke-wanke, murhu da firji kada su wuce taku biyu ko uku da juna.

Tukunyar gas, ko mai kilo 12.5 ce ko ƙarama, wurinta waje, cikin keji mai inuwa, a shigo da bututu ta bango. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, saboda haka a bar 'yar kafa mai raga a gindin bango.

Wajen kayan aiki, ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta koya wa mazauna Gwange da Fori darasi. Katakon nan na garin itace da ake matsewa, da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje, ba ya gyaruwa. A gina gindin kabet da bulo da kankare, a yi ƙofofin da alminiyam, wanda gara ma ba ta ci. Soket ɗin lantarki duk su hau saman kanta, firiza kuma a ɗora ta kan dakali.

Wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Mutanen gari ba su manta da dogon duhun da ya biyo bayan lalata turakun layin Damaturu a 2021 ba. A ja wa firji da fitilar kicin layinsu daban zuwa sola da batir, a bar abin gashi na lantarki ga mai ƙarfin janareta.

Sito ya kasance a gefen da rana ba ta duka, buhunan gero, shinkafa da wake a kan katako, ba a ƙasa ba, nesa da bango kaɗan. A tanadi wurin duro ko randa kusa da ƙofa, domin ranar da famfo ya ƙafe mai ga-ruwa ba zai ratsa falo da jarkoki ba.

Kafin a biya mai tayil cikon kuɗinsa, a ɗebo bokiti guda a kwarara a tsakiyar kicin. Idan ruwan ya nufi magudana da kansa, aiki ya yi. Idan ya taru a ƙarƙashin firji, a ce masa: "Malam, a ɗaga a sake."